Aikin manajan kiyaye haɗari a wurin aiki, da takardun da ake nema kafin a ɗauki mutum

Tambaya: Na kammala digiri a fannin kimiyya, kuma ina sha'awar aikin kula da lafiya da tsaron ma'aikata. Mene ne ainihin aikin manajan wannan sashe? Wace takardar shaida ake buƙata? Sannan wanda ya saba da aikin a kamfanin gine-gine zai iya komawa kamfanin mai ko asibiti?

Amsa: Malam, na ji daɗin tambayar nan, musamman ta ƙarshen, domin ita ce mutane ba su cika yi ba sai sun shiga aikin sun ga abin da ya fi ƙarfinsu. Na daɗe a wannan fanni, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar mai wannan aiki a matsayin ɗan sandan hular kwano, wanda ke yawo yana neman wanda bai sa takalmin kariya ba don ya rubuta sunansa. Idan wannan ne hoton da ke ranka, ka ajiye shi tun yanzu. Hula da safar hannu da takunkumi su ne mataki na ƙarshe a cikin matakan kare ma'aikaci, kuma su ne mafi rauni a cikinsu.

Bari in fara da girman abin. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa kusan mutum miliyan uku ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikin da suke yi. Daga cikinsu, wajen 330,000 ne kawai haɗari ke kashewa nan take. Sauran, kimanin miliyan 2.6, cuta ce ke cin su a hankali: ƙurar da suka shaƙa, sinadarin da ya shiga jikinsu, ciwon zuciya da na daji da aikin ya jawo. Wanda ya faɗo daga bene kowa ya gani, a ranar za a yi ta jimami. Wanda ƙurar dutse ta cinye wa huhu kuwa sai ya bar aiki da shekaru sannan tari ya kwantar da shi a gida, ba wanda zai danganta mutuwarsa da kamfanin. Manajan da ya san aikinsa yana lura da na biyun kamar yadda yake lura da na farkon.

To, me yake yi kullum? Tushen aikin shi ne gano haɗari kafin ya auku, a auna girmansa, a yanke shawarar abin da za a yi. Ana bin matakai ne daga sama zuwa ƙasa. Da farko a tambaya: za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya? Idan za a iya haɗa ƙarafan rufi a ƙasa sannan injin ɗaga kaya ya ɗora su, babu dalilin da zai sa mutum ya hau sama ya yi walda. In hakan bai yiwu ba, a musanya abu mai cutarwa da wanda bai kai shi ba, kamar fenti mai haɗin ruwa a madadin mai sinadarin da ke bugar da kai. In wannan ma bai yiwu ba, a raba mutum da haɗarin ta hanyar gyaran injin ko wurin: a sa murfi a kan bel da ke juyawa, a kafa shinge, a sa na'urar zuƙe ƙura. Bayan nan sai tsarin aiki, wato horarwa da alamomi da rage sa'o'in da mutum ke yi a wurin. Sai an gama da waɗannan duka ake zuwa ga kayan kariya na jiki. Dalilin wannan jeri a fili yake. Murfin inji ba ya gajiya, ba ya mantuwa, ba ya jin zafin rana ya cire kansa. Ɗan Adam kuwa duk yana yin waɗannan.

Daga wannan tushe sauran ayyukan ke fitowa. Shi ke tsara takardar izinin aiki ga ayyuka masu haɗari, irin su walda kusa da abin da ke kamawa da wuta, ko shiga tanki, ko gyaran layin lantarki. Shi ke tabbatar da cewa duk injin da ake gyarawa an kashe shi an sa masa kwaɗo, mabuɗin kuma yana aljihun mai gyaran, ba a hannun wani ba. Shi ke horar da sababbin ma'aikata, ya tantance 'yan kwangila kafin su shigo, ya shirya atisayen gobara, ya auna ƙara da ƙura da zafi. Ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 idan mutum ya daɗe a cikinta sa'a takwas kullum tana kashe ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Shi ne kuma ke bin diddigin dokokin ƙasar da kamfanin ke aiki a ciki, ya adana bayanai, ya tarbi sufetocin gwamnati da na inshora.

Akwai ɓangare guda da nake so ka riƙe sosai, wato bincike bayan abu ya faru. Manajan da bai ƙware ba yana zuwa wurin ne yana neman wanda ya yi laifi, ya rubuta cewa sakacin ma'aikaci ne, a kori mutumin, a rufe fayil. Wata uku sai wani ya ji irin raunin a kan injin nan dai. Na taɓa binciken wani matashi da inji ya murƙushe wa yatsu biyu, rahoton farko ya ce ya cire murfin kariya da gangan. Gaskiya ne ya cire. Amma da na zauna da masu aikin dare, sai suka nuna mini cewa injin yana toshewa sau da yawa a kowane dare, kuma idan aka bi ƙa'ida aka kashe shi aka kira makaniki, ba za a cika adadin kayan da aka ɗora musu ba, za a yanke musu alawus. Kowa cire murfin yake yi, shugabanninsu kuma sun sani. Yaron nan shi ne dai ƙaddara ta faɗa wa. Maganin da aka yi a ƙarshe shi ne gyara abin da ke toshe injin da sauya lissafin alawus. Haka kuma manaja nagari yana farautar labarin waɗanda suka tsallake rijiya da baya, irin guduma da ta faɗo daga sama ba ta sami kowa ba. Ma'aikata ba za su kawo maka irin wannan labari ba muddin sun san hukunci ne zai biyo baya.

Wani abu da ya kamata ka sani tun kafin ka karɓi aikin: a dokokin ƙasashe da yawa, nauyin kare ma'aikaci yana wuyan mai kamfani ne da shugabannin da ke ba da umarnin aiki. Haka dokar Birtaniya ta 1974 ta tsara, haka ta Amurka ta 1970, haka kuma yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1981. Manajan kiyaye haɗari mai ba da shawara ne, mai tsara hanya, mai sa ido. Kamfanin da ya ɗauke ka don ya sauke wannan nauyi a kanka, shugabanni su wanke hannunsu, ya ɗauki wanda zai ɗora wa laifi ne ranar da abu ya ɓaci.

Yanzu ga batun bambancin masana'antu, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Hanyar tunani ɗaya ce a ko'ina. Amma kowace sana'a da irin yadda take kashe mutanenta, kuma wannan ilimin ba a ɗauko shi daga wata sana'a.

A wurin gini, faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kisa, sai abu ya faɗo wa mutum ko mota ta buge shi, sai lantarki, sai ruftawar rami. A Amurka doka ta wajabta kariya daga faɗowa da zarar ma'aikacin gini ya kai tsayin ƙafa shida, wato kusan mita 1.8, ta kuma wajabta tokare bangon rami idan zurfinsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. Mutane suna raina rami, alhali ƙasar da ta cika faɗin mita da tsawon mita da zurfin mita ta haura tan ɗaya a nauyi. Idan ta danne ƙirji, ko kan mutum yana waje ba zai iya numfashi ba. Wahalar wurin gini ita ce kullum yana sauya kama. Inda ka duba jiya ka ga lafiya, yau an buɗe rami a wurin, gobe wasu leburori ne daban na wani ɗan kwangila da ba su taɓa jin sunanka ba. Mai wannan aiki a gini ƙafarsa ce ofishinsa.

A mai da iskar gas da masana'antar sinadarai kuwa lamarin ya sha bamban ƙwarai, kuma a nan ne na ga ƙwararrun mutane sun yi kuskure mafi muni. Akwai haɗarin da ke samun mutum ɗaya, kamar zamewa ko yankewa. Akwai kuma haɗarin da ke fitowa daga tsarin sarrafa kayan kansa, lokacin da gas ko mai ya kuɓuce daga bututun da ya kamata ya zauna a ciki. Na farkon yana faruwa sau da yawa, ɓarnarsa kaɗan. Na biyun yana iya shekara ashirin bai faru ba, ranar da ya zo kuma sai ya tafi da mutane da yawa a lokaci guda. Ƙididdigar na farko ba ta gaya maka komai game da na biyu. A matatar mai ta Texas City a Amurka, alƙaluman raunin ma'aikata suna nuna ana samun ci gaba, sai ga fashewa a watan Maris na 2005 ta kashe mutum 15, ta jikkata wajen 180, kuma waɗanda suka mutu suna cikin ofisoshin wucin gadi ne ko kusa da su, waɗanda aka ajiye dab da sashen da ya fashe. A dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, ranar 20 ga Afrilu 2010, manyan jami'ai suna kan dandalin, kuma cikin abin da ya kai su har da yaba wa ma'aikata kan shekara bakwai ba tare da raunin da ya hana wani zuwa aiki ba. A daren rijiyar ta ɓalle, mutum 11 suka mutu.

Labarin Piper Alpha kuwa duk mai son wannan aiki ya kamata ya san shi kamar sunansa. Dandalin haƙar mai ne a tekun da ke gabashin Sukotland. Ranar 6 ga Yuli 1988, masu aikin rana suka cire bawul ɗin kariya, wato abin da ke sakin matsi idan ya yi yawa, na wani famfon tura mai don gyara, suka toshe bakin bututun da murfin wucin gadi, aikin bai ƙare ba har lokacin tashi ya yi. Da dare ɗaya famfon da ke aiki ya tsaya. Masu aikin dare ba su san an cire bawul ɗin ba, domin takardar izinin da ke ɗauke da wannan bayani ba ta zo gabansu ba, sai suka kunna famfon da ke kan gyara. Gas ya fita, wuta ta tashi, mutum 167 suka rasu. Tsarin takardar izini yana nan a rubuce, ana cike takardun ana sa hannu. Abin da ya mutu shi ne maganar baki da baki tsakanin mai tashi da mai karɓa. Duk lokacin da na ga ana sa hannu a takardar izini a ofis ba tare da an je an ga wurin ba, Piper Alpha nake tunawa, kuma raina yana ɓaci. Saboda haka manajan da zai riƙe irin wannan wuri dole ya iya karanta zanen bututu da bawuloli, ya fahimci matsin iska da zafi, ya san abin da zai biyo baya idan aka sauya ko da ƙaramin abu a tsarin. Shi ya sa kamfanonin wannan fanni suka fi son injiniyoyi, musamman na sinadarai ko na injuna. Akwai kuma gas mai guba da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda idan ya yi yawa yana kashe jin ƙanshi, mutum ya zaci ya wuce alhali lokacin ne ya fi haɗari. Haka shiga tanki ko rami rufaffe: oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari ce ta iskar da muke shaƙa, idan ta sauka ƙasa da 19.5 ba a shiga sai da na'urar numfashi, kuma sau da yawa gawar da ake fitarwa ta biyu ta wanda ya shiga ceton abokinsa ce.

A ma'adinai, abokan gaba su ne ruftawar rufi, ƙurar dutse da ta kwal, da gas ɗin metan da ke fashewa idan ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska. Ƙasashe da dama ba sa barin kowa ya riƙe irin wannan muƙami sai da lasisi na musamman da shekarun aiki a ƙarƙashin ƙasa. A masana'antar ƙera kaya da ta tufafi da rumbunan ajiya, injuna ne da motocin ɗaga kaya da ciwon baya da gobara da ƙofofin fita da aka toshe da kaya. Ginin Rana Plaza a Bangaladash ya tsage ranar 23 ga Afrilu 2013, kowa ya ga tsagar, banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka umarci masu ɗinki su koma aiki washegari. Ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu. Ba ilimi aka rasa a wurin ba. An rasa wanda zai ce kada kowa ya shiga, kuma a ji maganarsa.

Asibiti wata duniya ce. Allurar da aka yi wa marar lafiya ta soki ma'aikaciyar jinya tana iya sa mata ciwon hanta ko ƙanjamau. Ga ɗaga marasa lafiya da ke lalata baya, ga hasken na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ga magungunan ciwon daji da ke cutar da mai haɗa su, ga 'yan'uwan marar lafiya da ke kai wa ma'aikata duka. Gobarar asibiti kuma ta fi kowace wuya, don ba za ka ce wa wanda ke kan na'urar numfashi ya tashi ya gudu ba. A Afrilun 2021 tukunyar oksijin ta fashe a wani asibitin masu korona a Bagadaza, mutum sama da 80 suka mutu. A sufurin jiragen sama kuwa, tun 2013 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ta tattara ƙa'idojin tsarin kiyaye haɗari a kundi guda, kuma ƙarfinsu yana kan ba matuƙi da makaniki damar kai rahoton kuskurensu ba tare da fargaba ba.

Sai batun takardu. Yawancin masu ɗaukar manaja suna neman digiri, ko dai a fannin lafiya da tsaron ma'aikata kai tsaye, ko injiniya, ko kimiyyar muhalli, ko lafiyar al'umma. Digirinka na kimiyya ya isa ya zama tushe. A kan sa ake ɗora takardar ƙwarewa. Wadda ta fi yaɗuwa a duniya ita ce ta hukumar NEBOSH ta Birtaniya. Satifiket ɗinta na gama-gari shi ne ƙofar shiga, yana ba ka damar fara aiki a matsayin jami'i. Diflomarta kuwa ta fi zurfi nesa ba kusa ba, tana cin shekara ɗaya zuwa biyu ga mai haɗa karatu da aiki, kuma ita ce ake dubawa idan ana maganar manaja. Ƙungiyar IOSH, ita ma ta Birtaniya, ƙungiyar ƙwararru ce da mutum ke hawa matakan zama mamba har ya kai na ƙoli. Kwas ɗinta na kwana uku ko huɗu an yi shi ne don shugabannin sassa su san nauyin da ke kansu, ba ya mayar da mutum ƙwararre. A Amurka kuma takardar CSP ce ke da daraja, kuma kafin a ba ka sai kana da digiri, da aƙalla shekara huɗu kana aikin, da wata takardar share fage, sannan ka ci jarrabawa. Kwas ɗin sa'a 30 na hukumar OSHA, mai kula da tsaron ma'aikata a Amurka, wayar da kai ne kawai, kada wani ya sayar maka da shi da sunan takardar ƙwarewa. Zai kuma amfane ka ka san ma'aunin ISO 45001 da ya fito a 2018, wanda kamfanoni ke gina tsarinsu na kiyaye haɗari a kai, ka kuma koyi yadda ake bincikar kamfani a kan sa. Ka haɗa da horon agajin gaggawa da na kashe gobara, sannan ka karanta dokar ƙwadago ta ƙasar da za ka yi aiki, domin wasu ƙasashe suna wajabta rajista da hukuma. Kafin ka biya kuɗin kowane kwas, ka duba sunan cibiyar a jerin waɗanda hukumar da ke ba da takardar ta amince da su. Takardun bogi sun yi yawa a wannan fanni.

Ba na son in rage darajar takarda, ni ma na sha wahalar samun tawa. Sai dai na ga masu difloma da ba su iya tsayawa gaban hedima mai shekara talatin a aiki su fahimtar da shi abu ba tare da sun wulaƙanta shi ba. Na kuma ga waɗanda ke iya magana da lebura amma idan suka shiga ɗakin taron daraktoci sai bakinsu ya mutu, ba su iya nuna cewa kuɗin gyaran yau bai kai asarar gobe ba. Aikin yana son harsunan nan biyu. Yana son iya rubutu mai ma'ana, da haƙurin sauraro, da zuciyar da za ta tsayar da aiki ranar da kowa ke sauri, ana ta kiran wayarka ana cewa kana jawo wa kamfani asara. Wannan ranar za ta zo maka, ba makawa. Ba wanda ke fara aikin nan a kujerar manaja, yawanci sai an yi shekara biyar ko fiye a fili.

Game da komawa daga wannan masana'anta zuwa waccan, ana yi, ni ma na yi. Abin da za ka tafi da shi shi ne hanyar auna haɗari, da bincike, da sanin doka, da iya mu'amala. Abin da za ka bari a baya shi ne tunanin cewa ka san wurin. Daga gini zuwa rumbun ajiya ko masana'antar ƙera kaya, sauyin ba shi da wuya sosai. Daga gini zuwa matatar mai, ka yarda ka sauka mataki ɗaya, ka yi shekara ɗaya ko biyu ƙarƙashin wanda ya san sarrafa sinadarai, ka yi kwas na musamman a kai. Zuwa asibiti kuma sai ka koyi hana yaɗuwar cuta daga ma'aikatan jinya, waɗanda suka fi ka sanin wurin.

Duk inda aka kira ka ganawar ɗaukar aiki, ka tambaye su wa za ka riƙa kai wa rahoto, kuma kana da ikon tsayar da aiki ko babu. Masu jiragen ruwa sun koyi muhimmancin wannan da tsada. A watan Maris na 1987 jirgin fito na Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam ƙofar gabansa a buɗe, ruwa ya shiga, ya kife, mutum 193 suka mutu. Bincike ya gano cewa kyaftin-kyaftin na kamfanin sun riga sun nemi a sa musu fitilar da za ta nuna ko ƙofar a rufe take, ofis bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. Ƙa'idar da hukumar sufurin teku ta duniya ta kafa bayan haka, wadda ta fara zama tilas a 1998, ta wajabta wa kamfanin jirgi ya naɗa mutum a tudu mai kula da tsaron jiragensa, wanda ke da damar isa ga shugaban ƙoli kai tsaye. Idan aka ce maka rahotonka zai bi ta hannun manajan da ake auna ƙwazonsa da yawan kayan da aka fitar, ka nemi a rubuta maka a takardar kama aiki cewa kana da damar wuce shi zuwa sama duk lokacin da rai ke cikin haɗari.